Jirage Biyu, Gardamar Wata Uku a Gidana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatanka.

Rahoton nan da kuka buga a shafin tafiye-tafiye, mai ɗauke da hoton katafaren jirgin ruwan shaƙatawa Icon of the Seas, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sau biyu na karanta shi, alƙalumansa ban ga na gyarawa ba. Inda na yi turus shi ne shawarar da marubucin ya rufe da ita, wai mai son hutu a kan teku kada ya wahalar da kansa, ya nemi jirgin da ya fi kowanne girma, shi ke nan. To, ranka ya daɗe, a gidana wata uku cur muka yi muna jan wannan magana ba ta tsinke ba. Shi ya sa na ga ya dace in ba masu karatu labarin yadda muka kwashe, ko wani zai ƙaru.

Ni tsohon akanta ne. Shekara talatin da biyu na yi ina tara alƙaluma ina rabawa kafin in ajiye aiki. Bara babbar 'yata ta zo ta ce ita da maigidanta sun yi shawara za su ɗauki nauyin hutunmu, ni da mahaifiyarta, kuma a jirgin ruwa. Ita dai ta riga ta yanke: Icon of the Seas, daga Miami, dare bakwai, ita da mijinta da yara uku, mu kuma mu biyo su. Ni kuwa tun ina bakin aiki akwai jirgin da na yanko hotonsa na ajiye a durowa, Queen Mary 2, mai ratsa Tekun Atlantika daga Southampton ta Ingila zuwa New York. Shi ma dare bakwai. Hajiya ta ce ita ba ta san ko ɗaya ba, wanda ya gamsar da ita tsakanina da 'yarta shi za ta bi, amma da sharaɗi guda: kada a sake yi mata irin ta Bahar Rum.

Dole in faɗi abin da ya faru a Bahar Rum, ko da yake ba ni da gaskiya a ciki. Shekarun baya mun taɓa shiga wani jirgi, ba zan kama sunansa ba don laifin nawa ne, ba nasu ba. Ni na zauna na zaɓi ɗaki, na kuwa zaɓi mafi araha, can gaba wajen hancin jirgin, a hawa na sama, babu ko taga. Har ina yi wa Hajiya alfahari da ragin da na samu. A dare na biyu iska ta taso. Ƙofar kabad ta riƙa buɗewa tana rufewa da kanta, maratayan kaya suna ta karo da juna, kofin da ke kan tebur ya yi tafiyarsa har ya faɗi. Hajiya a zaune ta kwana a bakin gado, ta rungume kwandon shara, ba ta ce da ni uffan ba, kuma shirun nan ya fi min faɗa ciwo. Da safe wata ma'aikaciya mai gyaran ɗaki ta dube mu ta gane. Ta ɗora biro a kan yatsanta tana karkaɗa shi, ta nuna mana yadda bakinsa biyu ke sama da ƙasa alhali tsakiyar tana nan daram. Ta ce jirgi ma haka yake, mai jiri ya nemi tsakiya, kuma hawa na ƙasa-ƙasa, in da hali mai taga, don ido ya riƙa ganin inda sama ta haɗu da ruwa. Tun ranar na yarda araha ba ta ado.

Saboda haka wannan karon na ɗauko littafi da biro, na ja layi a tsakiya, jirgi ɗaya a dama ɗaya a hagu.

Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean ne. A Turku ta ƙasar Finlan aka ƙera shi, ya fara ɗaukar fasinja a watan Janairun 2024, kuma ɗan ƙwallon nan Lionel Messi aka gayyato wajen bikin raɗa masa suna. Tsawonsa kimanin mita 365, hawa 20, in aka sa mutum bibbiyu a ɗaki yana ɗaukar fasinja 5,610, in kuwa aka cika kowane gado har 7,600, ga ma'aikata wajen 2,350. Wato in ya cika maƙil, mutum kusan dubu goma ne ke kwana a kan ruwa cikin ƙarfe ɗaya. Queen Mary 2 na Cunard ne, a Saint-Nazaire ta Faransa aka ƙera shi, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta raɗa masa suna a Janairun 2004. Tsawonsa mita 345, fasinja kusan 2,700, ma'aikata kimanin 1,250. Dubi nan, Malam Edita: mita ashirin kacal ke tsakaninsu a tsawo, amma ɗaya yana ɗaukar ninki biyu na mutanen ɗayan har da ɗoriya.

Akwai wani alƙalami da kuka kawo a rahotonku wanda mutane da yawa ke yi wa gurguwar fahimta, ni ma a da haka. In an ce Icon tan dubu 248 da 'yan kai ne, Queen Mary 2 kuma dubu 149, ba nauyinsu ake nufi ba, ba a kan sikeli aka ɗora su ba. Awo ne na faɗin cikin jirgi, wato yawan sararin da ke rufe a cikinsa. Da na gane haka sai halin akanta ya motsa, na raba tan da yawan fasinja don in ga rabon kowane mutum. A Icon, in mutum bibbiyu ne a ɗaki, kowa ya tashi da kamar 44, in ya cika ya koma kamar 33. A Queen Mary 2 kowa yana da kamar 55. Na maimaita lissafin don kada in zalunci kowa, amsar ba ta canza ba. Jirgin da ya fi ƙanƙanta shi ya fi ba mutum sarari. Na kai wa 'yata takardar ina murmushi, ta duba ta ce, "Baba, yaran nan ba sarari za su je nema ba." Ban sami amsar da zan ba ta ba a ranar.

Gaskiyarta kuwa, don a nan ne ainihin bambancin yake, kuma shi ne abin da girma ba ya nuna maka. Jiragen nan biyu ba don aiki ɗaya aka ƙera su ba.

Icon, jirgin shi ne wurin zuwan. An kasa shi unguwa-unguwa har takwas. Akwai wuraren ninkaya bakwai, akwai dogayen bututan zamiya na ruwa guda shida a can sama, akwai filin wasa a kan ƙanƙara, akwai wata ƙatuwar kubba ta gilashi a gaba inda ake wasannin nutso, akwai unguwa guda da aka ware don iyaye masu ƙananan yara. A tsakiyar jirgin ma lambu ne na gaske, suna kiransa Central Park, da dubban tsirrai masu rai, sama a buɗe. Mutum zai iya kwana bakwai a ciki bai kalli teku da gangan ba ko sau ɗaya. Yana kuma tsayawa a hanya: in zagayen gabashin Karibiyan ne irin su tsibirin St. Thomas, in na yamma ne irin su Cozumel ta Meksiko da Roatán ta Honduras, sannan CocoCay, wani tsibiri a Bahamas da kamfanin ya gyara don fasinjojinsa. A ƙarshe ya dawo da kai Miami inda ya ɗauke ka.

Queen Mary 2 kuwa jirgin ƙetare teku ne, irin na da, kuma a yau shi kaɗai ya rage yana wannan jigila a kai a kai. Mai zanensa, Stephen Payne, don Arewacin Atlantika ya zana shi, tekun da ba ya wasa. Shi ya sa hancinsa dogo ne mai tsini, jikinsa ya fi na jiragen shaƙatawa kaurin ƙarfe, ya nutse cikin ruwa wajen mita goma, kwale-kwalen cetonsa ma an ɗaga su sama fiye da yadda aka saba don kada igiyar ruwa ta kai musu. Yana iya gudun kusan kilomita 55 a awa, alhali Icon wajen kilomita 40 yake yi, don shi ba sauri aka ƙera shi ya yi ba. A ciki me ke akwai? Ɗakin karatu mai littattafai wajen dubu takwas, babban zauren rawa, laccoci safe da yamma, da wata doguwar baranda ta katako da ta zagaye jirgin, in ka zagaya sau uku ka yi mil ɗaya da ɗan ɗori. Tsakanin Southampton da New York kuma, a yawancin tafiyar, babu tsayawa ko ɗaya. Ruwa ne gaba, ruwa baya, har kwana bakwai.

Wani abin dariya, duk biyun akwai kare a ciki. Icon yana da karya guda da ke zaune a jirgin, suna kiranta Rover, yara na rububin ɗaukar hoto da ita. Queen Mary 2 kuma yana da ɗakunan karnuka da kyanwoyi na fasinja, masu ƙaura tsakanin Turai da Amurka waɗanda ba sa son jefa dabbobinsu a cikin jirgin sama. Ni ba ma'abocin kare ba ne, amma na ga wannan ma ya nuna halin kowanne: ɗaya don nishaɗi ya ajiye tasa, ɗayan fasinja ne yake kai su inda za su.

Hajiya duk wannan bai dame ta ba. Tambayarta ɗaya ce, wanne ne ba zai kaɗa ta ba? A nan na sha wuya, don amsar ba ta miƙe ba. Jirgin da aka ƙera don haƙurin igiya shi ne kuma yake bin tekun da ya fi igiya. Wanda ba a ƙera don haka ba, ruwan Karibiyan yake bi, wanda galibi a kwance yake, ga shi kuma da faɗi ƙwarai, abin da ke rage masa tangaɗi. Sai dai Karibiyan tana da lokacin guguwa, daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma in guguwa ta taso kyaftin yana da ikon sauya hanya, tsibirin da ka ci buri a kansa ka ji an ce ba za a je ba. Arewacin Atlantika kuma da hunturu ya fi tsanani, da bazara ya fi sauƙi. Na ce mata, Hajiya, watan da muka zaɓa da ɗakin da muka kama sun fi sunan jirgin tasiri a kan cikinki. Ta ce to wannan karon ita za ta zaɓi ɗakin, ni in tsaya a kan lissafina.

Maganar ɗaki ma akwai tarko a ciki da ya kamata mai karatu ya sani. A manyan jiragen Royal Caribbean, ba kowace baranda ce ke kallon teku ba. Wasu ɗakunan barandarsu cikin jirgin take kallo, ko lambun nan ko unguwar yara, kuma ga maƙwabcinka a ɗaya gefen yana kallonka kana kallonsa. Wani hakan yake so. Amma wanda ya biya kuɗin baranda yana mafarkin ganin faɗuwar rana a kan ruwa, ya karanta da kyau kafin ya danna. A kowane jirgi kuma, ka nemi taswirar hawa-hawa ka duba me ke samanka, me ke ƙasanka. In wurin kiɗa ne a ƙarƙashinka, ko wurin ninkaya a samanka inda ake jan kujeru tun da asuba, to barcinka ya shiga uku. Ɗakin da ke da ɗakuna sama da ƙasa shi ne na mai son barci.

Sai kuɗi. Ba zan kawo farashi ba, don yana hawa yana sauka da wata da kuma cikar jirgi. Abin da zan ce shi ne adadin da ke jikin talla ba shi ne abin da za ka biya ba. Akwai kuɗin ihsani na ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, akwai intanet, akwai abin sha, akwai wuraren cin abinci na musamman waɗanda ba sa cikin tikiti, akwai kuɗin yawo in an sauka a tsibiri. A jirgin da ke tsayawa sau uku cikin mako, kuma ko'ina ka juya ga abin saye, ga jikoki uku suna jan rigarka, aljihu yana jin jiki. A jirgin da ba ya tsayawa babu kuɗin yawo, amma shi kuma yana da nasa: a wata ƙasa ka shiga, a wata nahiya ka sauka, don haka tikitin jirgin samanka ba na zuwa da dawowa wuri ɗaya ba ne, kuma takardun izinin shiga na ƙasashe biyu za ka tanada. Icon ma a Amurka yake tashi ya dawo, yana kuma taɓa wasu ƙasashe a hanya, kowacce da dokarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan bincike tun kafin a biya kuɗi ake yinsa. Ga kuma tufafi: a Queen Mary 2 akwai dararen da ake so kowa ya yi shiga ta alfarma bayan ƙarfe shida, a Icon kuwa ba wanda zai kalle ka sau biyu don ka fito da gajeren wando da silifa da rana.

Surukina, mutum mai tsantseni, shi tambayarsa ta tsaro ce. Mutum dubu goma a jirgi ɗaya, in wani abu ya faru fa? Muka zauna muka duba tare. Ƙa'idojin kare rai a teku na duniya ne, duk jiragen biyu a ƙarƙashinsu suke. Bayan haɗarin jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an tsaurara doka, dole a nuna wa kowane fasinja wurin taruwarsa da yadda ake sa rigar ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Ni a nan ban ba ɗaya maki a kan ɗaya ba. Abin da na ce wa surukin nawa shi ne ranar farko ya kama hannun yaran ya bi da su ta matakala, daga ɗakinsu har wurin taruwa, ba ta lif ba, har sai sun haddace hanyar.

Wata uku ana haka. Daga ƙarshe Hajiya ce ta raba gardamar, kuma ba yadda kowa ya zata ba. Ta ce mutumin nan shekara ashirin yana ajiye hoton jirgi a durowa, in ba a kai shi ba ba za mu huta ba. Ku ku tafi naku, mu mu tafi namu, in an dawo a haɗa labari. 'Yata ta ɗan ɓata rai, daga baya ta haƙura.

Muka tashi daga Southampton da yamma, a watan Yuni. Ɗakin da Hajiya ta zaɓa a tsakiya yake, hawa na biyar, barandarsa kamar an huda ta a jikin ƙarfen jirgin, iska ba ta dukanka sosai. Kwana bakwai ko ƙwayar maganin jiri ɗaya ba ta sha ba, duk da cewa a rana ta uku teku ya ɗan yi fushi, muna zaune a wani lungu na ƙasa mai manyan tagogi muna kallon igiya tana tasowa kamar za ta shigo, jirgin kuwa yana yanka ta yana wucewa. Kullum ƙarfe goma sha biyu na rana sai a busa ƙahon jirgin, ka ji shi har cikin ƙirjinka, sannan kyaftin ya yi magana ta lasifika ya faɗi inda muke da zurfin ruwan da ke ƙarƙashinmu. Ɗaya daga cikin ƙahonin nan na tsohon Queen Mary ne na 1936, wanda yanzu yake ajiye a Long Beach ta Kalifoniya. Wata rana aka sanar cewa za mu wuce ta kusa da yankin da Titanic ya nutse a 1912, shi ma daga Southampton ya taso zai je New York. Na fita baranda na tsaya. Ba abin da ake gani sai ruwa baƙi-baƙi da hazo. Na daɗe a wurin.

Wani abin da ban sa a lissafina ba, kuma ya fi komai yi min daɗi: da yake yamma muka nufa, kuma awa biyar ke tsakanin Ingila da New York, a darare biyar ana mayar da agogo baya da awa ɗaya. Wato ranarka awa ashirin da biyar ce. Ka sauka a Amurka jikinka ya riga ya saba da lokacinsu, babu wannan magagin na jirgin sama. Mai dawowa ta gabas kuwa asarar awa yake yi. In ana da zaɓi, a shiga ta Ingila.

Amma fa kada in yi wa masu karatu rufa-rufa. A rana ta huɗu na dawo daga lacca a kan taurari, ina ta zuba wa Hajiya bayani, sai na ga hankalinta ba ya wurina. Wayarta take kallo, 'yarta ta turo hoton autan jikokinmu, ya fito daga bakin bututun zamiya, baki har kunne, ruwa na zuba daga kansa. Ta ce, "Malam, ka ga angona." Sai ta ajiye wayar ta kalli taga ta ce, "Yau ma dai ruwan ne." Ban ce komai ba. Ni a wurina kwanakin nan gudu suke yi, littafi biyu na gama, na zagaya barandar nan har na daina ƙirgawa. Ita kuwa mace ce mai son jama'a da hayaniyar yara, kuma fasinjojin namu galibi dattawa ne irinmu, kowa da littafinsa da bargonsa a kan kujera. Sararin nan 55 da na yi ta tinƙaho da shi, a wurinta kaɗaici ne.

Da muka haɗu kuma aka baje labari, sai wani lissafin nawa ya sake rushewa. Na tambayi 'yata cunkoso, ina jiran ta ce sun sha wuya. Ta ce ranar shiga da ranar fita akwai jama'a, haka ma bakin wurin ninkaya da tsakar rana in ba a tsaya a tsibiri ba. Ban da wannan, ta ce, mutane a warwatse suke, kowa da unguwarsa. Ita da dare lambun nan take zuwa ta zauna, shiru kamar ba a jirgi ba. Lif ɗinsu ma wani iri ne, tun daga waje kake danna hawan da za ka, na'ura ta gaya maka wanda za ka shiga, a ciki babu maɓallan hawa, don haka ba a tsayawa a kowane bene. Abin da ta ce ya gajiyar da ita shi ne tafiyar ƙasa, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, da kuma cewa manyan wasanni sai ka kama wuri ta manhajar waya tun da wuri. Na ce ashe ke hutu kika je da jadawali. Ta ce, "Baba, kai ma ai laccarka da lokaci take." Na tambayi babban jikana, mai shekara goma sha ɗaya, yaya ya ga teku. Ya yi ɗan tunani ya ce, "Kaka, wane teku?"

Shi ya sa, Malam Edita, nake roƙon marubucinku in zai sake taɓo wannan batu ya sassauta shawarar nan tasa. Kambun girma ma ba ya zama a kai ɗaya. Lokacin da Queen Mary 2 ya fito a 2004 shi ne jirgin fasinja mafi girma a duniya, bayan shekara biyu da 'yan watanni aka ƙwace. Oasis of the Seas ya zo a 2009, Wonder of the Seas a 2022, Icon a 2024, ga ƙaninsa Star of the Seas ya biyo a 2025. Wanda ke bin girma kullum a baya yake. Kuma girman yana da nasa cikas, don ba kowace tasha ke karɓar irin waɗannan ba, Italiya ma tun 2021 ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venice. Abin da ya kamata a tambayi mai niyya shi ne su wa zai tafi da su, shekarunsu nawa, kwana nawa zai iya yi bai taka ƙasa ba, kuma in ya buɗe ido da safe me yake so ya fara ji, ihun yara ko ƙarar ruwa. Ni da na yi wa Hajiya wannan tambaya tun farko, maimakon in riƙa kai mata takardar lissafi, da ban ɓata wata uku ba.

Daren ƙarshe aka ce mana wanda ke son ganin shigarmu New York ya tashi tun kafin asuba. Hajiya ta ce ita ba inda za ta, amma ƙarfe huɗu ita ta tashe ni. Muka hau can sama cikin sanyi, ta yafa bargo a kan mayafinta. Ga gadar Verrazzano tana matsowa, fitilunta a jere, kuma duk wanda ke wurin ya ɗaga kai yana kallon bututun hayaƙin jirgin, don ido yana gaya maka lallai sai ya daki gadar. Dama saboda gadar nan aka rage masa tsawo tun wajen zane, 'yan mitoci ne ke tsakani. Hajiya ta damƙe hannuna ta runtse ido. Muka wuce sumul, mutane suka sa tafi. Can gaba ta hagu ga mutum-mutumin 'yanci da fitilarsa, gari yana fara wayewa a bayan dogayen gine-gine. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, na gani, ya yi kyau. Baɗi kuma na yaran za mu shiga."

Na riga na sauko da taswirar Icon a kwamfuta. Tsakiya nake nema, hawa na ƙasa-ƙasa, baranda mai kallon teku, nesa da bututan zamiya. Hajiya ta ce in na gama in kawo mata ta duba kafin a biya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani tsohon akanta, mai karanta ku kullum